Idan an sallami maras lafiya zuwa gida, wa zai biya mai jinya?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin Laquintinie ko a Babban Asibitin Douala ya san wannan ranar da likita yake kiran babban ɗa ko ƙanin maras lafiya gefe, ya ce masa abin da asibiti zai iya yi an yi, gara a koma da shi gida. Wani lokaci tsoho ne da ɓarin jikinsa ya shanye, wani lokaci uwa ce da ciwon daji ya ci ƙarfinta, wani lokaci mai ciwon suga ne da aka yanke wa ƙafa. A ɗauko tasi, a shigo da shi lungunan New Bell, a shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ya fi samun iska. Daga wannan rana jinyar ta koma hannun mata da 'ya'ya mata, kuɗinta kuma ya koma aljihun duk wanda Allah Ya hore wa a dangi. A nemi mai wanke gyambo, a nemi mai canza robar fitsari, a nemi mai ɗaura ƙarin ruwa, kowanne a biya shi hannu da hannu.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne yadda maganar inshorar lafiya take ƙara shiga bakin mutane a Kamaru, kuma 'yan'uwanmu da ke aiki a kamfanoni, a tashar jirgin ruwa da bankuna, da yawansu suna riƙe da katin inshora. Ga kuma matasan da suka karanta aikin jinya, ba su samu gurbi a asibitin gwamnati ba, suna bin gidaje suna yi wa marasa lafiya hidima. Ba da jimawa ba waɗannan ɓangarori biyu za su fara ƙulla yarjejeniya da juna da gaske, kamar yadda kamfanonin inshora suka daɗe suna yi da asibitoci da kantunan magani. Abin da aka rubuta a cikin wannan yarjejeniya shi zai yanke ko ma'aikacin jinya zai zo gidanka da tsakar dare ko ba zai zo ba, alhali kai maras lafiya ko ɗan'uwansa ba ka cikin masu sa hannu, ba ma lalle ka taɓa ganin takardar ba.

Mu fara da inda ƙasar take. Ranar 12 ga Afrilu 2023, a Mandjou kusa da Bertoua, ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da zangon farko na shirin lafiya ga kowa, wato CSU. Ba ƙaramin abu aka yi ba. Mai wankin ƙoda da a da yake biyan sefa 5,000 a kowane zama, wanda idan aka lissafa zama biyu a mako ya kai sefa 520,000 a shekara, an ce yanzu ya biya 15,000 na shekara guda. Mai juna biyu a jihohin da tsarin takardar lafiya ta sefa 6,000 yake aiki, ciki har da Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa inda da yawanmu muke da dangi, takardar ta ɗauke mata awo da haihuwa har da tiyata. Akwai ganin likita kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da maganin zazzaɓin cizon sauro a gare su, da kula da masu sida da tarin fuka. Amma a jerin abubuwan da aka sanar babu jinyar gida, babu kuma kulawar da ake yi wa wanda ciwonsa ya wuce warkewa. Asusun CNPS ma, wanda ake cire wa ma'aikata kuɗi dominsa kowane wata, aikinsa fansho ne da kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki, bai ɗauki jinyar rashin lafiya ta yau da kullum ba. Shi ya sa alƙaluman da aka daɗe ana ambata suke nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Kamaru daga aljihun iyalai yake fitowa kai tsaye, kuma kafin zuwan CSU waɗanda ke da wata inshorar lafiya ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Su ma masu katin kamfani, idan suka duba da kyau, sau da yawa za su tarar katin ya tsaya kan ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa. Mahaifi da mahaifiya, waɗanda su ne suka fi buƙatar doguwar jinya, suna waje. Ko ga wanda katin ya ƙunsa, abin da aka fi rubutawa shi ne ganin likita, gwaji, magani da kwanciya a asibiti, kowanne da iyakar kuɗinsa da kason da mutum zai cika daga aljihunsa. Da zarar an ƙetare ƙofar asibiti sai katin ya yi shiru.

A shekarun baya na raka wani maƙwabcina yawon neman takardar amincewa, wadda kowa ke kira "bon", domin matarsa da aka sallama da ciwon da ke buƙatar wanki kullum. Ofishin da ke kula da katinsa suka ce da tana kwance a asibiti da sun biya kuɗin gado da na wankin, amma tunda tana gida babu wannan layi a takardarsu. Wato sun yarda su biya mai tsada, sun ƙi biyan mai araha. Ƙarshenta sai da ya riƙa ɗaukar ta a tasi zuwa asibiti ana wanke ciwon ana dawowa, a cikin cunkoson da kowa ya sani, da damina kuma ruwa ya cika lungu. Allah Ya ji ƙanta, ta rasu bayan 'yan watanni.

To wace doka ce ke kula da wannan fage? Harkar inshora a Kamaru tana ƙarƙashin kundin CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yaoundé ranar 10 ga Yuli 1992, kundin ya fara aiki a 1995, kuma ƙasashe 14 ne suke bin sa, ciki har da Nijar da Chadi da Gabon. Akwai hukumar yanki mai binciken kamfanoni, a gida kuma ma'aikatar kuɗi ce ke sa ido. Kundin ya yi ƙoƙari wajen tsara abin da ke tsakanin kamfani da wanda ya sayi inshora. Alal misali ya ce duk sharaɗin da zai hana mutum haƙƙinsa ko ya cire wani abu daga abin da za a biya, ba ya aiki sai an rubuta shi da haruffan da ke fitowa fili sosai. Wannan makami ne da ya kamata kowane mai kati ya san da shi. A shekarar 2011 kuma aka gyara sashe na 13, aka ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗin zubi. Ga mai saye ke nan, babu bashi. Amma wajen biyan da ke kan kamfani, ƙa'idar gaba ɗaya ita ce ya biya cikin wa'adin da aka amince a yarjejeniya. Ma'aikatar lafiya kuwa aikinta ba da izinin buɗe asibiti da tantance ma'aikata. Takardar da kamfanin inshora yake ƙullawa da mai ba da jinya, wadda ta ƙunshi farashi da lokacin biya da abin da sai an nemi izini kafin a yi, ta faɗo a tsakanin hukumomin biyu, kuma mafi yawanta abin da mai ƙarfi ya rubuta ne mai rauni ya sa hannu. Babban asibiti mai zaman kansa a Bonapriso yana da lauya da akanta, idan aka riƙe masa kuɗi zai iya daina karɓar katin. Ma'aikatan jinya huɗu da suka haɗa kai suka kama ɗaki guda a Nkololoun ba za su iya jiran wata shida ba, kafin nan sun watse.

Ba sai mun yi hasashe ba, domin maƙwabtanmu sun riga mu shiga wannan rami. A Najeriya, inda kamfanonin da ake kira HMO suke tsakanin asusun inshora da asibitoci, an shafe shekaru asibitoci suna kukan bashin da ba a biya su ba da farashin da bai kai kuɗin magani ba, marasa lafiya kuma suna zaune a benci ana jiran lambar amincewa daga ofishin da ba ya ɗaga waya. Dokar da aka sa wa hannu a watan Mayu 2022 ta kafa hukumar NHIA ta kuma wajabta inshorar lafiya, amma sai a 2025 hukumar ta ba da umarnin cewa kamfani ya ba da amsa kan neman izinin magani cikin awa guda, ta kuma ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci. Duk wanda yake da 'yan'uwa ma'aikata a Kano ko Kaduna ya tambaye su ma'anar a ce wa mutum maganin inshora ya ƙare, ya je waje ya saya. Asibitin da ba a biya ba, a kan maras lafiya yake hucewa.

Inda aka fi daɗewa da gwada biyan jinyar ƙarshen rayuwa ta hanyar inshora shi ne Amurka, kuma darasinta yana da fuska biyu. Tun 1983 shirin gwamnati na Medicare yake biyan cibiyoyin da ke kula da wanda likitoci suka ƙiyasta saura masa wata shida ko ƙasa da haka, mafi yawa a gidansa. Ana biyan su ne da kuɗin yini, wato adadi guda kowace rana, ko sun zo gidan ko ba su zo ba. Niyyar mai kyau ce, don cibiya ta samu sararin tsara aikinta. Sai dai 'yan kasuwa suka gano cewa riba tana wajen rubuta sunan wanda ba ya buƙatar ziyara da yawa kuma zai daɗe a raye. A jihar Kaliforniya mai binciken kuɗin gwamnati ya ba da rahoto a 2022 cewa yawan irin waɗannan cibiyoyi a gundumar Los Angeles ya ƙaru da kashi 1,500 cikin 100 daga 2010, har jihar ta dakatar da ba da sabon lasisi. Ɗaya fuskar kuma ita ce lokacin da aka gwada miƙa wannan jinya ga kamfanonin inshora masu zaman kansu, daga Janairu 2021, domin su ƙulla yarjejeniya da cibiyoyin da kansu. Cibiyoyi suka yi ta ƙorafin jinkirin biya da rage farashi da yawan takardu, kamfanonin da ke cikin gwajin suka ragu, gwamnati ta rufe shi a ƙarshen 2024. A 2022 ma babban mai binciken ma'aikatar lafiyarsu ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na buƙatun izinin magani da irin waɗannan kamfanoni suka ƙi amincewa da su, a cikin waɗanda ya duba, sun cika sharuɗɗan da ya kamata a amince. Idan an sake wa mai jinya ya ci kuɗin yini bai zo ba, idan an sake wa kamfani ya riƙe izini da kuɗi. Ƙasar da ke da dubban masu bincike ke nan.

Wani zai ce ina ruwanmu da Amurka, mu da ko gadon asibiti yake gagarar mu. Ruwanmu shi ne tsari ya fi sauƙin kafawa kafin kuɗi su fara gudana. Da zarar an samu masu cin moriyar rashin tsari, gyara sai da faɗa.

A ganina abu mafi muhimmanci da hukuma za ta fara ɗaurewa shi ne lokaci, ta ɓangare biyu. Na farko lokacin amsa. Mai ciwon daji da zafi ya taso masa ƙarfe biyun dare ba zai jira a buɗe ofis a Akwa ko Bonanjo ranar Litinin ba. Ya kamata a rubuta cewa sassauta raɗaɗi da abubuwan gaggawa ba sa buƙatar izini kafin a yi su, sauran kuma idan kamfani bai amsa cikin sa'o'in da aka ƙayyade ba, shirunsa amincewa ne. Na biyu lokacin biya. Tunda doka ta ce ba a ba mai saye bashin kuɗin zubi, adalci ne a sa wa kamfani kwanakin da zai biya mai jinya, da tara idan ya wuce, kuma a hana mai jinya ya juyo kan iyalin maras lafiya da kuɗin da kamfani ne ya riƙe. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar talaka, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Sai batun wanda zai shiga gida. A asibiti akwai idanu da yawa, a ɗakin tsohuwa kuwa daga ita sai mai jinya. Kamaru tana da dokar 1984 da ta tsara aikin ma'aikatan jinya da ungozoma, da ƙungiyar da ke riƙe da rajistarsu, amma a unguwa kowa ya san ana kiran duk mai farar riga da jakar allura "dokta". Yarjejeniyar da ba ta wajabta wa kamfani ya yi aiki da masu rajista kawai ba, a ƙarƙashin likitan da ake iya samu a waya, za ta tura shi wajen wanda ya fi araha. A kuma ajiye littafin ziyara a gidan, wanda iyali za su sa hannu duk ranar da aka zo, domin shi ne maganin abin da ya faru a Kaliforniya. Mu a unguwanninmu akwai ƙarin abin da ba za mu yi shiru a kai ba: dattijuwar da ta yi shekara saba'in tana tsare mutuncinta ba za ta yarda namiji baƙo ya yi mata wanka ko ya sa mata roba ba, kuma tana da gaskiya. Idan ba a rubuta haƙƙin zaɓar mace ko namiji ba, iyali za su ƙi hidimar gaba ɗaya, kamfani kuma ya ce ai ya tura an kore shi.

Akwai kuma maganin kashe zafi, wanda in babu shi duk sauran zance ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar sassauta raɗaɗi kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai suke samu. Babban taronta ya zartar da ƙuduri a 2014 yana kiran ƙasashe su sa wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu, har da wadda ake yi a gida. Uganda ta nuna cewa ba sai ƙasa ta yi arziki ba. Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, suka riƙa haɗa mofin na sha a kwalba da kuɗi kaɗan, a 2004 kuma gwamnati ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. A nan Kamaru asibitocin cocin Baptist a Banso da Mbingo suna cikin waɗanda suka fara wannan aiki. Yarjejeniyar jinyar gida da ba ta faɗi inda za a samo wannan magani, wa zai rubuta shi, wa zai ajiye lissafinsa don kada ya zurare kasuwa ba, ta bar babban abin da maras lafiya yake kuka a kansa. Muna ganin yadda tramol ya yi wa matasanmu, don haka tsoron hukuma yana da dalili, amma maganin wannan tsoro rajista ce da bincike. Hana maganin ga mai mutuwa bai rage ko ƙwaya ɗaya a hannun 'yan benskin ba.

Da yawa daga masu karatu za su tambaya, to ita inshorar kanta ya matsayinta? Malamai sun daɗe da tattauna wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disamba 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa da ke ɓata ciniki, ta kuma halatta ta taimakon juna wadda aka gina kan sadaukarwa, irin wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Abin da bai yaɗu a tsakaninmu ba shi ne majalisar ta sake zama a Dubai a 2005 kan inshorar lafiya musamman. A can ta ce yarjejeniya da cibiyar lafiya tana halatta idan an fayyace abin da ke kan kowane ɓangare dalla-dalla, kuma kuɗin da cibiyar za ta nema ya kasance na aikin da aka yi da gaske, ta kuma ɗora wa hukumomi nauyin sa ido don hana cuta da ci da gumin masu zubi. Wanda ya karanta wannan ya dubi abin da muka kawo daga Najeriya da Amurka zai ga abu guda ake magana a kai. Kuma CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2019, don haka ƙofar doka a buɗe take ga wanda yake son kafa asusu irin wannan a Kamaru. Sai dai kada sunan takaful ya sa mu saki jiki. Kamfanin takaful da ya riƙe kuɗin mai jinya wata shida, sakamakonsa a ɗakin maras lafiya ɗaya ne da na kowane kamfani.

Ba na jin za a wayi gari ma'aikatar kuɗi da ta lafiya sun zauna sun fitar da samfurin yarjejeniya guda da kowa zai bi, ko da yake abin da ya kamata ke nan, kuma zai fi sauƙi a yi shi kafin a faɗaɗa CSU zuwa zango na gaba. Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Marché Central da Marché Congo, da na mahauta da direbobi, da adashin mata, da kwamitocin masallatai, duk suna da abin da kamfanin inshora yake nema, wato mutane da yawa masu zubi a kan lokaci. Mutum ɗaya ba ya iya canza layi guda a takardar kamfani, amma ƙungiya mai mutum ɗari biyar tana iya cewa ba za ta sa hannu ba sai an saka iyaye ko da da ƙarin kuɗi, sai an saka jinyar gida bayan sallama, sai an nuna mata yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanin da masu jinyar da zai turo. Ɗalibanmu da ke karatun shari'a da lissafin kuɗi a Jami'ar Douala, da masu karatun aikin jinya, nan ne za su yi wa iyayensu amfani: su karɓi takardar da aka rubuta da Faransanci, su karanta ta har ƙananan haruffan da ke bayan shafi, su fassara wa dattawa da Hausa da Fulatanci a zauren masallaci, kafin ma'aji ya ƙirga kuɗi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da wa'adinsa da shaidunsa take magana, kuma ta yi tanadi ga mai raunin da ba zai iya shifta da kansa ba, ta ce waliyyinsa ya tsaya masa.

Tambayoyin da wakilan ƙungiya za su shiga ofis da su ba su da yawa. Idan an sallami mutum, kwana nawa za a biya masa mai jinya a gida, kuma sau nawa a mako? Wace lamba za a kira da dare, kuma wa ke ɗagawa? Idan kamfani da cibiyar jinya suka saɓa a tsakiyar shekara, wa zai ci gaba da zuwa wajen wanda yake kwance har a samu wata? Idan wakilin kamfani ya ce ai wannan ba matsala ba ce, a ce masa ya rubuta a takarda ya buga hatimi.